Ranar da Na Tace Muryar Soja

A ƙarshen shekarun casa'in ina aiki a sashen sadarwa na wata ma'aikata a Abuja, amma a Suleja nake kwana kamar yawancinmu. Tun ina Zariya rediyo ce cutata. Da na samu wata tsohuwar kwamfuta sai cutar ta ci gaba, don na gano idan na ja waya daga rediyo zuwa cikinta, tana mayar da sautin ya zama lambobi, ni kuma in yi yadda na ga dama da su. Aikin da ƙananan ƙarafan cikin rediyo suke yi, sai ga lissafi yana yin sa.

Akwai ƙungiyar masu sauraren rediyo a unguwarmu, suna haɗuwa ran Lahadi bayan la'asar a wani ajin firamare. Shugabansu, wani tela mai son taro, shi ya matsa mini in zo in yi musu bayani. Na amsa da sauri, don matata ta riga ta gaji da jin labarin lambobi.

Ana gobe taron wani dattijo mai sayar da goro, wanda kowa ke ce wa Baba, ya yi sallama a ƙofata. Ya ciro kaset daga aljihu, naɗe a hankici. Ya ce ɗansa soja ne, an tura su aikin kiyaye zaman lafiya a wata ƙasa, kuma wata rana wakilin gidan rediyo ya ba su dama su gai da gida. Baba ya kara rakoda a bakin rediyo ya ɗauka, amma a ranar tashar ba ta kamu da kyau ba, shuu da fito suka danne muryar. Yaron bai dawo ba, can Allah ya yi masa rasuwa. Baba ya ce ya ji an ce injina yana wanke magana, yana so ya ji ɗansa sosai ko sau ɗaya. Na ce masa in sha Allahu, ya zo da shi wurin taron gobe, amma na san iyakar injin.

Ran Lahadi na ɗauko kwamfutar a bayan ɗan acaba, na rungume ta kamar mai jego. Ina shiga ajin na tarar da rediyoyi jere a kan benci, wata ba murfi, wata an ɗaure ta da kyauron taya. Ashe telan ya zaga gari yana cewa injiniya zai zo da kwamfuta mai duba rediyo. A Suleja kuwa in aka ce ka san rediyo, to gyara ake nufi. Har daga Gauraka wani makanike ya zo da tasa. Raina ya ɓaci, na ce musu ni ko sukundireba ban riƙo ba. Makaniken ya ce, “Oga, no wahala, ka fara lakcar, ma gani.”

Na fara. Na kamo wata tasha mai nisa, na nuna musu sautinta a fuskar kwamfutar, kauri a ƙasa, siriri a sama. Na ce musu aikin kamar tankaɗe ne da rariya, kai ke zaɓar abin da zai wuce da abin da zai tsaya. Wani fito mai huda kunne da ke cikin tashar ya fito a matsayin layi guda miƙaƙƙe, na goge layin, fiton ya ɗauke ɗif. Nan fa aji ya ɗauki surutu, masu rediyoyi suka manta da abin da ya kawo su. Baba dai yana bencin gaba, hankicinsa a kan cinya, yana kallona.

Da na ga bayanina ya ƙi tafiya saboda idonsa a kaina, na karɓi kaset ɗin. Na faɗa wa jama'a na wane ne. Na juye shi cikin kwamfutar, na cire fiton, wannan mai sauƙi ne. Shuu ɗin ne matsala, don ya gauraye da muryar ta ko'ina. Na datse sama, na datse ƙasa, na bar tsakiya kawai inda kalmomi suke zaune, sannan na kunna. Magana ta fito tar, kowace kalma ana jin ta. Wasu har suka fara tafi, ni ma na ji kaina ya ɗan kumbura.

Baba ya girgiza kai a hankali.

“Ɗana, maganarsa ce, amma ba muryarsa ba ce. Shi muryarsa da kauri take.”

Gaskiyarsa. Kaurin muryar yana can ƙasa, wurin da na datse tare da gurnanin tashar. Na gaya masa idan na mayar da kaurin, hayaniya za ta biyo shi, ba ni da dabarar raba su. Ya ce in mayar. Na riƙa buɗewa kaɗan-kaɗan ina maimaita wurin, shuu yana dawowa, muryar tana cika. Tausayinsa ya kama ni har na kasa kallonsa, na tsura wa allon ido. Can ya ɗaga hannu ya ce in tsaya nan.

Na kunna daga farko. Cikin hayaniyar da ta rage, wani saurayi mai kakkaurar murya ya faɗi sunansa, ya ce suna nan lafiya, yana gai da mahaifinsa mai goro a kasuwar Suleja, a ci gaba da sa su a addu'a.

Baba ya gyara zama, ya fuskanci lasifikar.

“Ina amsawa,” ya ce. “Ina amsawa, ɗana. Allah ya yi maka albarka.”

Mutanen ajin suka ce amin, ƙasa-ƙasa. Saura rabin bayanina ban yi ba, ba kuma wanda ya tambaye ni shi. Baba ya ce in akwai hali in ƙara kunna masa, na ƙara.