Jiƙon Rama da Yaya Ya Bari

Ina yanka kuɓewa a tsakar gidana a Tasawa, da hantsi, salula ta yi ƙara. Matar yayana ce. Ta ce, "Auta, sai haƙuri. Mushe ya cika." Na yi salati, na ajiye wuƙa. Kabu-kabu na hau zuwa ƙauyenmu, can gefen Hawandawaki, amma yashi ya riƙe mu a hanya. Ko da na isa an riga an kai shi.

Yaya malamin lakwal ne, wato makarantar boko, shi ya sa kowa ke ce masa Mushe, har matarsa. Da ya ajiye aiki sai ya kama yin takarda da hannu. Yakan ɓare bawon rama, ya dafa da ruwan toka yini guda, ya wanke, ya kirɓa a turmi tare da tsofaffin kaye, littattafan rubutun 'yan makaranta, da ya jiƙa. Ya taɓa gaya mani mutanen Sin ne suka fara, da tsumma da bawon itace, kuma a bayan raƙuma takarda ta riƙa iso wa malamanmu na dā. Ni dariya nake yi masa.

"Yaya, ga takarda cike da kasuwa, ka hana matan gida turminsu?"

"Ke dai ci tuwonki, Auta. Ta kasuwa in Inna ta juya ta sau uku ta yage."

Don Inna, mahaifiyarmu, yake yin wannan jiƙon na ƙarshe. Idonta ya yi rauni, baƙaƙen littafin addu'arta sun yi mata ƙanana. Ya yi mata alkawarin takardu masu kauri, zai rubuta addu'o'in da manyan baƙaƙe.

Ranar uku matarsa ta kira ni ɗakin da take takaba. Inna na zaune kusa da ita. Ta ce, "Jiƙonsa na cikin randa bayan rumbu. Yau kwana biyar, ya fara tsami. In ya ƙara kwana biyu sai zubarwa."

Na ce, "Ana zaman makoki in tashi ina dama ruwa? Me mutane za su ce?"

Inna ba ta faɗin sunansa, ɗan fari ne. Ta ce, "Tashi ki ƙarasa wa yayanki aikinsa. Ni ake yi wa gaisuwar, ni kuma na ce."

Na juye jiƙon a daro. Na ƙasan ya yi baƙi, na zubar. Na ɗauko rariyar da ya haɗa da katako da tsohon sange, gidan sauro, na tsoma na ɗago yadda na sha gani. Zaren ya dunƙule, nan tudu, can rami. Sau huɗu ina sakewa. Na zauna a gindin rumbu, hannuna na wari, ina jin na kashe masa aiki.

Sai na tuna kuɓewa. Duk kaka in ya zo wurina sai ya cika aljihu da ita, ina ce masa ɓarawon miya. Yankawa yake ya jiƙa a ruwan sanyi, ya tace yauƙin cikin daro. Ya ce yauƙin ne ke hana zaren haɗuwa wuri ɗaya, kuma yana hana ruwa saurin tsiyayewa, sai zaren ya kwanta daidai. Ranar da ya faɗa ma dariya na yi, ashe kunnena ya riƙe.

Wata maƙwabciya ta tsinko mani kuɓewa a garkarta. Da na zuba yauƙin na tsoma rariya, takarda ta tashi shimfiɗe, fara-fara, babu rami. Matan da suka zo gaisuwa suka leƙo, daga kallo suka sa hannu. Wannan na shimfiɗa tsumma, waccan ta mirgino dutsen niƙa muka danne. Wata tsohuwa ta shinshina daron ta ce, "Oh, Mushe! Ya tafi ya bar mu da miyar da ba a ci." Muka yi dariya, ta farko a gidan tun rasuwar. Inna ta ji, ba ta hana ba.

Takarda goma sha tara muka samu. Da suka bushe matarsa ta ce in shafa masu ruwan ƙaro, in goge da kwalba, don kada tawada ta bazu. Na yi. Inna ta shafa ɗaya da yatsunta ta ce, "Tasa ta fi laushi. Allah shi yi maki albarka."

Ina gode wa matarsa, da take cikin wannan hali amma tana ƙirga kwanan jiƙo. Ina gode wa matan nan. Shi kuwa ban taɓa yi masa godiya ba, sai addu'a yanzu.

Liman ya ce zai rubuta addu'o'in. Inna ta ce a'a, hannun gida take so. Rubutuna na Larabci ba shi da kyau, ina ta gwaji a tsohon kaye. Takardun na cikin akwatinta, naɗe a zane. Har yau ba a rubuta komai a kansu ba.