Dangwalen da Na Sa Tsoho Ya Yi

Wani malamin jami'a ya yi amfani da bakina ya tona wa abokin mahaifina asiri, kuma har yau bai yarda ya yi laifi ba. Lokacin ina zaune a Nyohini, ina da babur, ina jin Dagombanci da Hausa, Turancina kuwa na wanda ya bar makaranta a tsakiya ne. Aka haɗa ni da shi in riƙa kai shi Gumani ina yi masa tafinta, wai yana bincike kan yadda manoma ke adana masara.

A wurinmu baƙo ba ya faɗowa gida ya hau tambaya. Ni na kai goro, na durƙusa gaban tsohon, abokin mahaifin nawa, na ce wannan baƙona ne, abin da aka faɗa masa ni aka faɗa wa. Saboda darajar mahaifina ya saki jiki, har ya gaya mana wata shekara da ƙwari suka yi yawa ya zuba maganin feshin auduga a buhunansa, daga baya ya ji haɗarin abin ya daina. Dakta, wato malamin, ya rantse ba za a sa suna ba. Sai ya miƙo takarda shafi biyu da Turanci, ya ce in karanta wa tsoho ya dangwala. Ga laifina nan, ba zan ɓoye ba: layi uku na gane, kunya ta hana ni cewa sauran ya fi ƙarfina. Na ce wa tsoho shaida ce kawai ta cewa mun zo. Ashe a ƙasa an rubuta ya yarda a buga hoto.

Bayan shekara biyu rubutun ya fito a wata mujallar masu bincike. Suna kam bai sa ba. Amma ga ƙofar gidan tsoho, ga rumbunsa, ga kekensa a jingine, a ƙasa an rubuta manomi mai zuba guba a hatsi. Maganar cewa ya daina kuwa an cire ta. Wani ya ɗauko hoton ya watsa a waya, matan da suka saba sayen masararsa suka juya masa baya. Na je ba shi haƙuri, bai zage ni ba. Ya amsa gaisuwata irin yadda ake amsa wa baƙo, ya tambaye ni ɗan gidan wa ne. Mutumin da ya raɗa mini suna!

Don haka duk wanda aka ɗauka tafinta, in bai gane takarda ba ya faɗa, kada ya sa kowa dangwale a kan abin da shi ma bai karanta ba.

Na sami Dakta a ofis. Ya ce kwamitin jami'a ya amince da binciken, ga dangwale a fayil, kuma mujallar a ƙasashen waje ake karanta ta, mutanen ƙauye ba sa ganinta. Na ce masa: "Dakta, ranar nan ka ga bakina yana rawa a kan takardar, ka san ban karanta ba, ka yi shiru don ta yi maka daɗi. Ni na ɗauki rabona na kunyar, na je na durƙusa. Saura kai. Babur na waje, taso ka maimaita wa tsohon cewa ba ya ganin mujallar."