Tabon Zoɓo a Leshin Lefena

Leshi ɗaya tak aka sa mini a lefe, ruwan madara, mai ƙananan furanni na zare. Lokacin Gwandu tana cikin jihar Sakkwato, kuma a unguwarmu ba kowace mace ke da irinsa ba. Ba na sa shi sai bikin dangi na kusa. In na tuɓe, sai in shanya shi a inuwa ya sha iska, sannan in ninke hannuwan rigar zuwa ciki, in ɗora ta bisa zanin, in naɗe su da tsohon mayafi, in sa kafur, in rufe akwati. Haka Inna ta koya mini, kuma ban taɓa sauya tsarin ba.

Ina da ƙawa tun muna yara. Tare muka yi firamare, tare muka tsaya nan. Aure ya kai ta Kalgo, ni ya bar ni gida. Wata rana ta zo ta ce za a yi suna a dangin mijinta, kuma matan gidan suna yi mata kallon marar sutura. Ban bari ta ƙarasa roƙon ba, na buɗe akwati na ba ta. Gargaɗi ɗaya na yi mata: in wani abin sha ya zuba, ta jiƙa wurin da ruwan sanyi ta kawo mini yadda yake. Kada kanwa ta taɓa shi, kada dutsen guga ya hau shi. Ta yi dariya, ta ce tun muna yara nake magana kamar hedimasta.

Da kanta ta maido shi, haɗe da tsarabar busasshen kifi. A wurinmu ba a warware kayan aro a gaban wanda ya maido. Yin haka kamar ka ce ba ka yarda da shi ba ne. Bayan ta tafi ma ban warware ba, don ninkin da na gani nawa ne sak: hannuwa a ciki, riga bisa zani, mayafi a naɗe. Har na ji daɗi, na ce ashe ta riƙe koyarwata. Tun kafin ta tafi, da hannunta ta sa kafur ɗin, na rufe akwati.

Damina ta wuce, aka sa bikin ƙanena. Ni ce babbar yaya, ni zan tarbi dangin amarya. Ana gobe ɗaurin aure, da hantsi, na fiddo leshin. A ƙirjin rigar akwai tabo kamar faɗin tafin hannu, baƙi-baƙi mai ratsin kore, zaren wurin ya kwanta yana ƙyalli irin na abin da aka danne da guga mai zafi.

Ita ma ta zo bikin, tana tsakar gida tana tsince shinkafa. Na kira ta ɗaki na shimfiɗa rigar a gabanta. Ta duba, ta ɗago.

"Ƙawa, wannan ai tsatsar akwati ce. Ni lafiya lau na maido shi. Da ma kin duba ran nan."

Maganar ƙarshen ce ta shige ni. Ta san dalilin da ban duba ba.

Ban yi musu ba. Na ce ta zo ta taya ni, mu ga abin da zai fita. Na ɗebo ruwan randa a daro, na tsoma wurin tabon kaɗai. Sannan na barbaɗa gishiri, na bar shi ya jiƙa. Leshi ba a cuɗa shi, dannawa ake yi da farin ƙyalle, daga gefen tabo zuwa tsakiya. Bayan haka sai lemon tsami. Ita ke yankawa tana miƙo mini, tana ba ni labarin tsadar mota daga Kalgo.

Da na matsa lemon, tabon ya farka. Baƙin ya juye ya koma ja, jan da duk macen da ta taɓa dafa zoɓo ta sani. Kanwa ce ke baƙanta zoɓo, tsami ya maido masa da launinsa. Tsatsa ba ta yin haka. Na gane komai bi da bi: an zuba zoɓo, an sa kanwa, abu ya ɓaci, an bi da guga, aka ninke irin ninkina don kada in buɗe.

Na tsaya da hannu cikin daro ina jiranta. Kalma ɗaya nake so. Da ta faɗa, da leshi ya tafi ita ta tsaya. Ta dubi jan nan da kyau, ta goge wuƙar a gefen zaninta, ta ce shinkafa na jiranta.

Na ci gaba ni kaɗai. Na ɗauraye, na bi da sabulun salo kaɗan, na sake ɗaurayewa, na shanya a inuwa. Tabon ya dusashe amma bai tafi ba. Abin da wuta ta riga ta kama ba ya fita. Da atamfa na tarbi dangin amarya. Gwaggona ta tambayi leshin, na ce bai bushe ba.

Ranar da za ta koma Kalgo, na ninke shi sabon ninki: riga a sama, ƙirji a waje, ba mayafi. Na raka ta tasha, na ɗora mata shi bisa cinya bayan ta zauna cikin mota.

"Na bar miki, ƙawa."

Ta kifa tafin hannunta a kan tabon, ta ce ta gode, Allah ya bar zumunci. Na ce amin. Har yau in mun haɗu wurin biki ko gaisuwar mutuwa muna gaisawa, in tambayi yaranta ɗaya bayan ɗaya. Ɗakina dai ba ta ƙara shiga ba, ni ma ban ƙara kiranta ba.