Akushin da Na Suɗe a Tunuga

Har yau in na ji ƙamshin romon kifi mai tsamiya, bakina yakan tara miyau, kunnuwana kuma su ɗauki zafi don kunya. Tare suke zuwa, kuma na tsufa ban raba su ba.

Lokacin ina ƙaramin komi, wato magatakarda, a biron duwan, ofishin kwastan, na Gaya. Nasara bai tafi ba tukuna, gadar Kwara ma ba a soma ta ba. Asalina ɗan wani ƙauye ne a wajen Yelu, amma tun ina shekara bakwai aka ɗauke ni aka sa lakwal, wato makarantar boko, daga baya aka tura ni ta kwana a Yamai. Na dawo da Faransanci cike da baki, da wandon kaki mai kari, da wata ɗabi'a da bulala ta dasa mini: ba a barin komai a kwano. A can in ka rage loma, mai lura da mu sai ya tsaya a kanka har ka haɗiye ta. Gaskiya ma ba mu cika ba shi wannan wahalar ba, yunwa takan riga shi.

Mu biyar ne a biro, huɗu 'yan Dahome, ni kaɗai ɗan ƙasa. Mutanen kirki ne, amma sun raina mu ta wajen ci. Wai mu 'yan hura da nono ne, harshenmu na jarirai. Kowannensu yana da kwalbar wani jan yaji niƙaƙƙe a aljihun tebur, in lokacin cin rana ya yi su lafta wa abinci, su miƙo mini suna ƙyafta wa juna ido. Ni kuwa Allah ya yi ni da zuciya, irin wadda ba ta amfanar kowa. Na rantse sai na ƙure su. Na shiga tauna ɗanyen tonka da safe kamar mai shan magani. Abin da na sha a bayan gida cikin waɗannan watanni, ni da Allah muka sani. Amma na yi suna, har masu dako a bakin ruwa suna nuna ni da baki.

Akwai wata yarinya 'yar masunta daga Tunuga da ke biyo jirgin uwarta ran kasuwa. Uwar tana sayar da bandar kifi, ita kuma takan kafa tukunyar romo a gindin wata bishiyar mangwaro kusa da biro. Romonta na tsamiya ne da tonka da daudawa, tsamin ya fara kama maka muƙamuƙi, sannan yajin ya biyo baya a hankali. Nakan ce ta ƙara mini tonka, da ƙarfi, don 'yan Dahome su ji. In na gama in bi kwanon da yatsa. Mushe take ce mini, kamar yadda ake kiran ma'aikatan Nasara da Faransanci. Ran nan ta karɓi kwanon ta juya shi, ta ce, "Mushe, kai ba ka barin kwano da sutura?" Na koma biro ina ta murmushi, a zatona yabo ne.

Ba zan ja zance ba, son yarinyar nan ya kama ni, kuma na ga alamar ita ma ba ta ƙi ba. Uwar masaukina, wata dattijuwa mai sayar da kanwa, ita ta tsaya mini tun da nawa suna nesa. Ta kai goro, aka karɓa, aka sa ranar Lahadi in je in gai da iyaye. Da safen ranar ta zaunar da ni, ta ce, "Ɗan nan, ji nan. Za su kawo abinci. Suruki ba shi ci gidan surukai. Ka sa hannu ka taɓa don albarka, ka ture ma abokin rakiyarka, shi ma kar shi cinye. Akushi shi koma da nauyinai. Ka jiya?" Na ce na ji. Na san al'adar, ba wai ban sani ba, kada in yi wa lakwal sharri fiye da nata.

Kuskurena na farko shi ne abokin rakiya. Maimakon in ɗauki ɗan gari, sai na ɗauki babban komin bironmu, ɗan Dahome, don yana da keke sabo da agogon hannu, ina so a ga irin mutanen da nake hulɗa da su. Muka isa Tunuga bayan azahar. Aka shimfiɗa mana tabarma a wata rumfa a ƙofar gida, komar kamun kifi na rataye a gefe tana bushewa. Mahaifinta ya fito, dogon mutum marar yawan magana, muka durƙusa muka gaisa, ya ce mana fofo, wato sannu da harshensu, ya ce bari ya kira 'yan'uwansa. Yana ba da baya wata gwaggo ta fito da akushi biyu, ɗaya tuwon shinkafa, ɗaya romon giwan ruwa. Ta ajiye ta koma ba ta dube mu ba.

Da na buɗe murfin sai da na yi atishawa. Romon nan ja wur yake, 'ya'yan tonka na yawo a sama kamar an zuba gero. Na taɓa da yatsa kamar yadda aka ce, na tura wa abokina. Ya kai loma ɗaya, ya kai ta biyu, ya ajiye hannu. Mutumin da ke shan yajin kwalba da cokali ya dube ni da ido jajur, ya ce da Faransanci wannan ba abinci ba ne, hukunci ne. Da ya sami numfashi ya ƙara da cewa, "Gwada ka ake yi. Sun ji labarinka. A ƙasarmu in uwar yarinya ta yi maka miya ka mayar, ka zage ta."

Nan take maganar uwar masaukina ta bi iska. Abin da na gani kawai shi ne ga ɗan Dahome ya sare a gabana, ga fili. Na nannaɗe hannun riga.

Loma uku na farko na ji ɗanɗanon kifi. Daga nan ban ƙara jin komai ba sai wuta. Tsamiyar ta dasa mini haƙora, tonka ya bi ta hanci ya fito ta ido. Gumi ya jiƙa farar rigata har ta manne. Kunnuwana suka toshe, leɓɓana suka kumbura, ina ci ina jan majina, ina faɗa wa kaina namiji ba ya ja da baya. Abokina yana cewa ya isa haka, ni kuwa na ɗauka hassada ce. Na cinye tuwon, na tsotse ƙayar, na ɗaga akushin na kurɓe sauran romon. Ina cikin bin gindinsa da yatsa, kamar kullum, sai ga mahaifinta da dattawa uku a bakin rumfa.

Suka yi sallama. Na buɗe baki in amsa, shaƙuwa ta riga ni. Duk gaisuwar da suka yi, da shaƙuwa na mayar, hawaye na zuba, yatsana na maiƙo. Babu wanda ya yi dariya, da ma sun yi da ya fi mini sauƙi. Mahaifinta ya dubi akushin, ya dube ni, ya ce, "Sannu da aiki." Gwaggon ta zo ta kwashe akusan da hannu ɗaya. Da ta shige na ji gidan ya yi tsit. A hanyar komawa ina tuƙa keke ina ce wa abokina ai mamaki ne ya kama su.

Kwana uku bayan haka na dawo daga biro na tarar da ƙullin goron a kan tabarmata. Uwar masaukina ba ta ko ɗaga murya ba. Ta ce uban ya aiko cewa wanda bai ji kunyar akushin surukai ba ran farko, bai ga abin da zai ji wa kunya nan gaba ba. Ta ce, "Kowa ya ɗebo da zahi, bakinai." Na yi fushi, na zagi ƙauyanci da Faransanci, na ce su suka tsokane ni da yajinsu. Yarinyar ba ta ƙara kafa tukunya a gindin mangwaro ba. Kafin ruwa ya janye na ji an ɗaura mata aure da wani mai jirgin fito.

Sai bayan shekara biyu na sake ganinta, a mashigin jirgi, lokacin ana kafa ginshiƙan gada. Tana goye da jariri, tukunyarta a gabanta. Na so in wuce, ƙafata ta ƙi. Ta gaishe ni ba tare da wani nauyi ba, ta zuba mini romo, ba ta tambaye ni ko a ƙara tonka ba. Na soma ci. Can dai bakina da ba ya iya zama ya ce, cikin wasa, wai wace ce ta so kashe ni ran nan a gidansu, innarta ko gwaggonta?

Ta ci gaba da juya ludayi. Ta ce, "Ni na dahwa shi, Mushe. Na san halinka da kwano. Na ce in na cika mai tonka yadda ba shi ciwuwa, dole ka bar shi, baba shi ga ka yi kunya. Tun da sahe nike daka. Kwana biyu hannuna na zogi."

Romon da ke gabana mai daɗi ne, yajinsa daidai. Amma na ajiye kwanon da rabinsa a ciki, kifin ma ban taɓa ba. Ta ɗauka ba ta duba ba, ta juye wa wani kare da ke kwance a gefe, ta ɗauraye, ta zuba wa na bayana.