Jan fenti a katangar Inna Dije

Jama'a, kun ji abin da na gani yau! Har yanzu kaina a ɗaure yake, wataƙila in rikita wani abu.

Da hantsi ma'aikatan tsara gari suka tsaya ƙofar maƙwabciyarmu Inna Dije, wadda ta taso daga Wanke da jikokinta ta gina ɗaki biyu a filin gadon mijinta. Babu takardar izinin gini. Suka zana jan gicciye a katanga, alamar rusau.

Sai ga Inna da kwanon fura, tana murna! Ashe ta ɗauka masu rubuta sunayen rabon hatsi ne.

Ta ce, "Ɗiyana, ɗakin baya ma da mutane. Ku shafa mashi, kar a tsallake mu."

Shugabansu ya dube ni. "Malam, kai ka gaya mata."



Kafin in gaya mata, sai shugaban ya karɓi burushin fenti a hannun yaransa, ya shafe gicciyen har ya koma jan faci. Ya ce, "Inna, Litinin ki zo ofis da shaidar gado."

To, an fasa rusau ke nan? Ban tabbata ba. Waɗanda ke wurin, don Allah ku gyara mini inda na kuskure.