Amsar Mama a Gaban Dattawa

Mahaifiyata ta haura shekara sittin ba a yi mata baftisma ba. Bangaskiya kam tana da ita, tambayoyin dattawan coci ne take tsoro. Ba ta yi boko ba, Hausar ma a kasuwar Garaku ta tsince ta, bayan yarenmu na Mada ya riga ya zauna mata a baki. Da babanmu ya rasu na ɗauko ta zuwa wurina a Gangaren Tudu, ta shiga ajin baftisma a cocinmu. Shekarar farko da aka zo tambaya bakinta ya mutu, aka ce ta sake ajin. Kwana uku ba ta ci abincin kirki ba. Ta ce mini in aka ƙara mayar da ita ta haƙura, a binne ta haka nan.

Ni malamar firamare ce, ba na iya ganin kuskure in wuce. Sai na sa ta a gaba. Kullum da yamma tana yanka alayyafo ina jefa mata tambaya: "Mama, yaya Uba da Ɗa suke?" Sai ta ce, "Duk ɗaya ne." Nan raina yake ɓaci. A nan Keffi in mutum ya ce maka duk ɗaya ne, ai bai damu ba ke nan, ko shinkafa ko tuwo, kawo wanda ya samu. Na ce ta yar da "duk" ɗin nan, ta riƙa cewa ɗaya ne kawai. Ta ce to. Washegari "duk" ɗin ya dawo abinsa. Har tsawa na yi mata, abin da nake jin kunyarsa har yau.

Ranar tambaya aka bar ni na zauna a bencin baya, ko za a buƙaci mai fassara. Fasto na gefe da biro, babban dattijo kuma, wani tsohon ma'aikacin gwamnati mai tabarau a kan hanci, shi ke tambaya. Ya kawo kan Uba da Ɗa. Mama ta ce, "Duk ɗaya ne." Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Dattijo ya leƙo ta saman tabarau. "Mama, wato ko Uba ko Ɗa, ke ba ruwanki? Ko kuwa mutum guda ne ya canza riga?"

"A'a, Baba. Uba Uba ne, Ɗa Ɗa ne. Na haifi yara, na san bambanci."

"To mene ne na duk?"

Ta gyara ɗankwali, ta ce, "Baba, a gidan da na yi aure, in maigidana ya ce eh, sai mun jira babansa ya dawo daga gona. Sau nawa tsoho ya zo ya ce a'a, magana ta lalace. Haka na zauna, ba na sakin jiki da alkawari. Amma wannan Ɗan, tunda ya ce ya yafe mini, babu wani Uba a baya da zai dawo ya soke. Bakinsu ɗaya, zuciyarsu ɗaya, Allah ɗaya ne. Ba rabi ba, Baba. Duk."

Fasto ya sunkuya yana rubutu. Dattijo ya cire tabarau, ya juyo wurina. "Malama, ke kika koya mata wannan?"

Na so in ce eh, ba zan ɓoye ba. Na ce, "A'a, Baba. Wata biyu na yi ina ƙoƙarin hana ta faɗa."

Bayan mako biyu aka nutsar da ita a ruwa, ita ce mafi tsufa a layi, gaban 'yan mata sa'annin jikokinta. Ni na riƙe mata busasshen zane a bakin ruwa. Ban taɓa jin alfahari irin na ranar ba, ko ranar da na gama kwaleji. Ina kuka, ina gaya wa duk wanda ya tsaya kusa da ni cewa mahaifiyata ce, har waɗanda suka riga suka sani.