Tsarabar da Inna ta raba

A gidanmu na Sae Sabuwa, idan ɗan cirani ya dawo, ba matarsa ke buɗe jakarsa ba. Uwarsa ce ke buɗewa a tsakar gida, ita kuma ke raba tsaraba.

Shekarar da maigidana ya dawo daga Libiya, murnata rabi ce. Na ga matan da mazansu suka kawo musu atamfa da ƙanjamau a tafiya ɗaya, kuma tsoro nake ji ƙwarai. Tun yana hanya nake juya yadda zan ce ya je likita a auna jininsa, amma bakina ya yi nauyi.

Inna, uwar mijina, idonta ya yi rauni, hannunta kuwa a sake yake. Shi yana zaure yana amsa barka da zuwa, ita tana fito da sabulu da turare. Can ƙasa ta lalubo wani kwali cike da 'yan ƙunshi masu ƙyalli. Ta latsa ɗaya, ta shinshina, ta yanke hukunci cewa alawar Larabawa ce. Ta bi maƙwabta da ita gida-gida, har gidan liman an sami rabo. Ni ina madafa, ban gani ba.

Maigidana ya shigo ya ga kwalin wayam. Ya ja ni bayan rumbu.

"Ke, kwaroron roba ne hwa! Namu ne. Cewa na yi mu yi amfani da shi har in tahi asibitin Gidan Rumji a auna ni. Kunyar hwaɗa miki nike."

Dariya ta kama ni, hawaye na zuba. Ban taɓa son bawan Allahn nan kamar ranar ba.

Ni aka tura karɓowa, wai alawar ta lalace a hanya. Matar liman ta miƙo nata tana kallon sama. Wata tsohuwa ta riga ta ɗanɗana, ta ce in abin da Larabawa ke sha ke nan, Allah ya ba su haƙuri. Amma gwaggon mijina, wadda ɗanta ke Aljeriya, ta ƙulle nata a bakin zane.

"Ɗiyata, ni ba Innarku ba ce, na san ko mine ne. Ba ni maidowa. Nawa ɗan yana bisa hanya, kuma matarshi ma ba ta iya buɗa baki, kamar ke."